Kilon Auduga da Kilon Ƙarfe: Tarihin Awo a Ƙasar Karaye da Rogo

Idan kaka ta yi a ƙasar Karaye, aka girbe dawa, aka ɓare masara, ba a raba kasuwa da gardamar mudu. Ma'auniya na zaune gaban tabarma, ta cusa mudu cikin tsibin hatsi, ta ɗago, ta tare gefe da hannun hagu har ya yi tozo, sannan ta juye a buhu. Mai saye ya tsugunna, ya zuba wa hannunta ido. "Haba Inna, wannan ai bai cika ba." Ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ɗan nan, in ka ga bai cika ba, kawo naka mudun." A ƙarshe ta yi masa gyara da tafi guda, su rabu suna dariya.

Taku kaɗan daga nan, a ƙofar shagon dillali, an rataye sikeli a jikin gwafa. Samari biyu su ciccíɓi buhun waken suya su maƙala a ƙugiya, allura ta yi rawa ta tsaya, a rubuta lamba a littafi. Nan babu tozo, babu gyara.

Hanyoyin awo biyu ke nan a kasuwa ɗaya. Ta farko ta yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar Hausa. Ta biyu kuwa ba ta daɗe da cika shekara ɗari da shiga ƙauyuka ba, kuma tana tsaye ne a kan wata amana da mai saye da mai sayarwa ba su taɓa zama sun yi yarjejeniya a kanta ba: cewa ƙasa tana jan kowane irin kaya daidai-wa-daida, ba ta fifita ƙarfe a kan auduga. Masana sun shafe fiye da shekara 400 suna bincikar wannan amana, kuma a yau ƙwayoyin zarra suke sakowa daga sama don su ga ko za ta karye.

Zamanin ƙirga da mudu

Ƙasar Karaye da Rogo tana yammacin Kano, inda jihar ta yi iyaka da Katsina da Kaduna, kuma dokar masarautu ta 2024 ta haɗa ƙananan hukumomin biyu a ƙarƙashin Sarkin Karaye. Ƙasar noma ce tun fil azal. Daga Yammedi da Turawa har Zarewa da Beli da Fulatan, arzikin magidanci yana cikin rumbunsa.

Kakannin mutanen wannan ƙasa ba su cika ɗora kaya a mizani ba. Ko dai su ƙirga, ko su cika ma'auni. Dawa da gero dami-dami ake lissafa su, kuma kowane maigida ya san dami nawa zai kai iyalinsa wata damina. Goro ƙwarya-ƙwarya ake sayensa, ɗari a kowace ƙwarya. Gishirin Bilma kantu-kantu yake zuwa a bayan raƙuma. Masaƙi yana auna saƙarsa da kamu, mai haƙar rijiya yana faɗin zurfinta da gaba. Kuɗin kansa ƙirga shi ake yi, domin wuri ne. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza dala guda ta azurfa a kan wuri 2,500, kuma wuri 20,000 shi ne keso guda. A manyan kasuwanni akwai masu sana'ar ƙirgar wuri, kamar yadda ake da Korama, macen da ke shugabantar masu awon hatsi.

Addini ya ƙara wa mudu daraja. Zakkar fidda kai sa'i guda ce, wato mudun Annabi huɗu. Nisabin hatsi wasaƙi biyar ne, wato sa'i 300, kuma wanda ya noma da ruwan sama zai fitar da ɗaya cikin goma, mai ban ruwa da wahalarsa ya fitar da rabin haka. Saboda haka a gidajen malamai akan adana ƙaramin mudu na musamman wanda ba a kai shi kasuwa. Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi mai tsanani ga masu tauye awo, kuma a Daular Sakkwato akwai muƙamin muhtasibi, wanda duba ma'aunan kasuwa na cikin aikinsa.

Mizani yana nan, amma na kaya masu tsada ne. Fataken da ke hulɗa da Arewacin Afirka da ƙasashen zinariya na yamma suna yawo da ɗan ƙaramin mizani mai faranti biyu a cikin jakar fata, suna auna zinariya da miskali, wanda ya ɗan haura giram huɗu. Miskali 20 shi ne nisabin zinariya, kimanin giram 85 a lissafin yau. Kalmar miskali da kalmar zarra sun zo tare a Suratuz Zalzala, wadda duk ɗan makarantar allo a Rogo yake haddacewa tun yana ƙarami. Malaman tafsiri sun fassara zarra da ƙaramar tururuwa ko ƙurar da ake gani tana yawo a hasken rana idan ya ratso ɗaki. Daga baya Larabawa suka ba mafi ƙanƙantar ɓangaren sinadari wannan suna, Hausa ma ta ɗauka.

Jirgin ƙasa ya zo da sikeli

Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Auduga suke nema don masaƙun Lankasha, kuma tun 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga don wannan buri. Manoman Kano suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa tana da kasuwa sabuwa, kuma in farashi ya faɗi ana iya cin ta. Gyaɗar da Najeriya ta fitar waje ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000.

Bature ba ya sayen gyaɗa da mudu. Da laba da tan yake lissafi, don haka duk inda aka buɗe fulotin sayen gyaɗa ko kasuwar auduga, sikeli ne ke zaune a tsakiya. 'Yan baranda suna bin ƙauyuka suna saye da mudu, su tara, su kai wa manyan dillalai a auna da sikeli, kuma ribarsu tana tsakanin ma'aunan biyu. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ne ya fi shahara a cikin manyan dillalan, kuma da sunansa ake tuna dalar gyaɗa ta Kano. Audugar yammacin Kano da kudancin Katsina kuwa tana da injinan gurza a Zariya da Funtuwa. A 1949 aka kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga masu yanke farashi, suka ci gaba da sauya suna da fasali har aka rushe su a 1986.

Manomi bai karɓi sikeli hannu bibbiyu ba, kuma yana da hujja. Mudu yana gani da idonsa, yana iya juya shi ya duba ko an buga gindinsa ciki. Sikeli kuwa akawu ne ke karanta shi, da lambobin da mai kaya bai iya ba, sannan a cire nauyin buhu, a cire na datti, a ce audugarsa lamba biyu ce. Wasu masu kaya su ma suka koyi algus, a yayyafa wa auduga ruwa, a zuba yashi a gyaɗa. A shekarun 1970 Najeriya ta bar laba ta koma kilo. Duk da haka mudu da tiya ba su tafi ko'ina ba, kuma har yau girmansu yana bambanta daga wannan kasuwa zuwa waccan.

Akwai wani abu da akawu da manomi duka ba su sani ba. Da za a rataye buhu mai kilo 100 a sikelin sifirin a Karaye, a ɗauki buhun da sikelin a kai tashar jiragen ruwa ta Libaful ba tare da an taɓa ƙwaya ɗaya ba, allura za ta nuna ƙarin kimanin giram 300. Dalili shi ne jan ƙasa ya fi ƙarfi a kusa da ƙuryar arewa da ta kudu, ya fi rauni a tsakiyar duniya, wadda ƙasar Hausa take kusa da ita, saboda duniya tana juyawa kuma ta ɗan kumbura ta tsakiya. Bafaranshe Jean Richer ne ya fara cin karo da haka a 1672, da ya kai agogon lilo daga Faris zuwa Kayen a Kudancin Amurka, ya ga kullum agogon yana baya da kimanin minti biyu da rabi. Mizani mai faranti biyu irin na fataken zinariya ba ya nuna wannan bambanci, domin abin da ya sami farantin dama shi ya sami na hagu.

Nauyi biyu a jikin abu ɗaya

'Yan makaranta suna da wata tambaya ta kama mai gaggawa: kilon auduga da kilon ƙarfe, wanne ya fi nauyi? Amsar da ake dariya a kanta ita ce ƙarfe. To amma a ƙarƙashin wasan akwai magana babba.

Mai amalanken shanu da ke ɗauko rake daga fadamar Rogo ya san nauyi iri biyu. Akwai wanda ke danne taya cikin laka, shi ne jan da ƙasa ke yi wa kayan. Akwai kuma wanda shanu ke ji a wuyansu lokacin da za su tayar da amalanken daga tsaye, ko da a shimfiɗaɗɗiyar hanya ce, kuma shi ne ke turo su gaba in an ce su tsaya. Na farko nauyin ja ne, na biyu nauyin turjiya. Sikeli na farkon kaɗai yake aunawa. Babu wani dalili na zahiri da ya tilasta su zama ɗaya.

Mutane da yawa suna kiran jan ƙasa da maganaɗisun ƙasa, kuma kwatanta su biyun yana fito da maganar fili. Maganaɗisu yana da zaɓi. Zai ɗauke allura ya bar zare, ya kama ƙusa ya ƙyale zinariya. Da jan ƙasa yana da irin wannan son kai ko da kaɗan ne, da sikeli ya zama maƙaryaci ko mai shi waliyyi ne, domin kilon auduga da kilon ƙarfe ba za su ƙunshi abu daidai ba. Hanyar ganewa kuwa mai sauƙi ce a faɗa: in nauyin ja da nauyin turjiya ɗaya ne a kowane abu, to duk abin da aka saki zai faɗi da sauri ɗaya, muddin iska ba ta tare shi ba.

Malaman Musulunci sun yi nisa a ilimin mizani. A birnin Marwa, wajen 1121, Abdurrahman al-Khazini ya kammala littafinsa Mizanul Hikma, inda ya bayyana mizani mai faranti biyar da ke bambance zinariya tsantsa da wadda aka gauraya, ya kuma jera nauyin abubuwa kusan hamsin. Amma a kan faɗuwa, ra'ayin Aristotal ne ya yi rinjaye gabas da yamma, cewa mai nauyi yana riga marar nauyi isa ƙasa. A 1586 Simon Stevin ya hau hasumiyar wata majami'a a garin Delft na ƙasar Holan, ya saki dunƙulen dalma biyu, ɗaya ya ninka ɗaya sau goma, aka ji ƙarar faɗuwarsu kamar guda. Galileo ya gangaro da ƙwallaye a kan katako mai gangara, ya auna lokaci da ɗigar ruwa, ya buga sakamakonsa a 1638.

Gwajin Isaac Newton, wanda ya fito a littafinsa na 1687, kamar a kasuwa aka yi cefanensa. Ya sami akwatunan katako biyu iri ɗaya ya rataye su da igiya suna lilo, yana sa musu zinariya, azurfa, dalma, gilashi, yashi, gishiri, itace, ruwa da alkama. Duk lilonsu ya zo ɗaya, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 ba. Daga 1889 wani masanin ƙasar Hangari, Loránd Eötvös, ya rataye siririyar sanda da waya mai kaurin gashi, ya ɗaura abu iri biyu a bakunanta, yana jiran ya ga ko wayar za ta murɗe. Ba ta murɗe ba, kuma da shi da abokan aikinsa suka kai daidaiton har 'yan kaso kaɗan cikin biliyan.

Albert Einstein ya ɗauki wannan daidaito ya mai da shi harsashi. A 1907 ya lura cewa mutumin da ke faɗowa ba ya jin nauyin jikinsa, kuma daga wannan tunani ya gina nazariyyarsa ta 1915, wadda ta ce jan ƙasa lanƙwasa ce a sarari da lokaci, shi ya sa kowane abu yake bin hanya ɗaya. Ranar 2 ga Agusta 1971, ɗan sama-jannati David Scott ya tsaya a kan wata, inda babu iska, ya saki guduma mai fiye da kilo guda da gashin shaho a lokaci ɗaya. Duniya na kallo a talabijin suka sauka tare. Gani ya kori ji.

Macen da ta auna jan ƙasa a Riruwai

Na'urar Eötvös ba ta tsaya a ɗakin gwaji ba. Tun da dutse mai nauyi yana ƙara jan ƙasa a samansa, marar nauyi kuma yana rage shi, sai masu neman ma'adinai suka gane sun sami ido mai gani cikin ƙasa. A 1924 da irin wannan na'ura aka gano tarin gishirin ƙarƙashin ƙasa mai riƙe da man fetur a jihar Tekzas ta Amurka.

Jihar Kano tana da shafinta a wannan tarihi. Deborah Enilo Ajakaiye, wadda aka haifa a Jos a 1940, ta karanta kimiyyar fiziks a Ibadan, ta yi digiri na biyu a Jami'ar Bamingham ta Ingila, sannan ta zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Daga nan ta ɗauki na'urar auna jan ƙasa ta shiga duwatsun Riruwai, tsohon garin haƙar kuza da ke ƙaramar hukumar Doguwa a yau. Aiki ne na haƙuri. A kowace tasha sai an daidaita na'urar, an karanta, an rubuta lokaci da tsayin wurin, sannan a koma tashar farko a sake karantawa don a cire kuskuren sifirin da ke cikinta. A 1968 ta buga bincikenta kan Riruwai, a 1970 ta buga wani mai faɗi a mujallar Nature kan duwatsun kuza na Arewa, kuma a shekarar ta sami digirin digirgir. Ta nuna jan ƙasa yana raguwa a saman waɗannan duwatsu saboda ba su kai na kewayensu nauyi ba, kuma daga yawan raguwar ake lissafa zurfinsu da siffarsu a ƙarƙashi. A 1980 ta zama mace ta farko a Afirka da ta kai matsayin farfesa a fiziks. A Zariyan dai, a 1985, Isaac Osazuwa ya kammala aikin kafa tashoshin tushe na auna jan ƙasa a faɗin Najeriya.

Sifiri yana gajiya, ƙarfe yana miƙewa da zafi. Masana suka fara neman abin sakewa wanda ba ya tsatsa, ba ya lalacewa, kuma kowane ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa a ko'ina cikin duniya. Sai suka koma ga ƙwayar zarra.

Sanyin da ya wuce na sararin samaniya

Matsalar farko gudu ce. A zafin ɗaki, ƙwayoyin zarra na sinadarin rubidiyam suna tsere da saurin mita ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Zafi kansa ba komai ba ne illa wannan tsere. A shekarun 1980 aka gano yadda za a tare su da hasken leza daga fuska shida, sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu, ta yadda duk inda ƙwaya ta nufa sai haske ya tokare ta, kamar mai gudu cikin ruwa. Gudunsu ya sauko zuwa 'yan santimita a daƙiƙa. Wannan aiki ya jawo wa Steven Chu da Claude Cohen-Tannoudji da William Phillips kyautar Nobel a 1997. Ƙarshen sanyi shi ne digiri 273.15 ƙasa da sifili, kuma a watan Yuni 1995, a garin Bolda na jihar Kolorado, Eric Cornell da Carl Wieman suka kusance shi har saura kashi 170 cikin biliyan na digiri guda. A wannan sanyi dubban ƙwayoyi suka haɗe suna motsi kamar abu ɗaya.

Abu na biyu sai an je bakin ruwa za a gane shi. Yaro ya tsaya a gaɓar madatsar Challawa ta ƙasar Karaye da safe, ruwa a kwance, ya jefa tsakuwa biyu. Kowace ta tayar da zobban igiyar ruwa. Inda zobban suka haɗu, in tudu ya faɗa kan tudu sai ruwan ya ƙara tashi, in tudu ya faɗa cikin kwari sai wurin ya lafa. Wanda ya iya karanta wannan zane zai faɗi wace tsakuwa ta riga faɗawa. Tun 1924 Louis de Broglie ya ce ƙwayoyin halitta ma suna da ɗabi'ar igiya, kuma idan suka yi sanyi ɗabi'ar tana fitowa sarai.

A 1991, a Jami'ar Stanford ta Kalifoniya, Mark Kasevich da Steven Chu suka haɗa abubuwan biyu. Ana tara ƙwayoyi masu sanyi a cikin bututun da aka zuƙe iskarsa, a cilla su sama, su tashi su dawo kamar ruwan famfo. A hanya sai a haska su da leza sau uku. Hasken farko ya raba igiyar kowace ƙwaya gida biyu, rabi ya bi hanyar sama, rabi ta ƙasa. Na biyu ya juyo da su su fuskanci juna. Na uku ya haɗe su. Tun da hanyoyin biyu sun bambanta a cikin jan ƙasa, zanen da karon igiyoyin ya bari yana faɗin ƙarfin jan. A 1999 rukunin Chu ya auna saurin faɗuwar ƙwayoyin siziyam, ya kwatanta da na dunƙulen gilashi da aka saki a ɗaki ɗaya, suka yi daidai har kashi bakwai cikin biliyan. A 2015, a bututu mai tsayin mita 10, aka raba igiyar ƙwaya ɗaya har rabin nan biyu suka yi nisan santimita 54 da juna, wato fiye da kamu guda, kafin a sake haɗa su.

A wannan bututun ne aka maimaita gwajin Stevin a 2020. Rubidiyam yana da 'yan'uwa biyu, mai lamba 85 da mai lamba 87, na biyun ya ɗara na farkon nauyi. Aka sake su tare suna faɗuwa na daƙiƙa biyu. In akwai bambanci a faɗuwarsu, bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin tiriliyan ba. Madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye, tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Irin wannan awo daidai yake da mutum ya gane an ɗebi ruwan da bai cika bokiti ba daga madatsar tana cike.

Tauraron ɗan'adam na Faransa mai suna MICROSCOPE, wanda aka harba a 2016 ɗauke da ƙarafan titaniyam da filatinam, ya fi haka kaifi. Sakamakonsa na 2022 ya kai kashi ɗaya cikin tiriliyan dubu, wanda a lissafin Challawa bai cika cokalin shayi ba. Duk da haka ba a bar ƙwayoyin zarra ba, kuma dalilin babba ne. Kimiyyar yau tana tafiya da dokoki biyu, ta Einstein mai bayanin taurari da jan ƙasa, da ta kwantam mai bayanin ƙananan halittu, kuma har yanzu an kasa haɗa su wuri ɗaya. Wasu daga cikin hanyoyin da ake gwadawa don haɗa su suna hasashen daidaiton faɗuwa zai ɗan karye a wani mataki. Ƙwayar da ke bin hanya biyu lokaci ɗaya tana faɗuwa, ita ce wurin da dokokin biyu suke haɗuwa ido da ido. Shi ya sa ake gina dogayen bututu a Wuhan ta ƙasar Sin da Hanoba ta Jamus, aka kuma kai ɗakin sanyaya zarra tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2018, inda faɗuwa ba ta ƙarewa. A 2023 masana a cibiyar CERN da ke Janeba suka saki kishiyar haidurojin, wadda wasu suka yi zaton za ta iya tashi sama, ita ma ta yi ƙasa.

Ruwan da ke ƙarƙashin gona

Kamar yadda ya faru da na'urar Eötvös, ma'aunin zarra ya fara fita daga ɗakin gwaji. A 2020 aka girke ɗaya a jikin dutsen Etna mai aman wuta a Italiya don ya ji motsin narkakken dutse. A 2022 masana a Jami'ar Bamingham, inda Ajakaiye ta yi karatu, suka fito da nasu waje suka gano wani rami a ƙarƙashin titi ba tare da sun haƙa ba.

Ga mutumin Karaye da Rogo, amfanin da ya fi kusa shi ne ruwa. Yankin yana zaune a kan tsohon dutse mai tauri, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana maƙale ne a tsagogi da inda dutsen ya ruɓe, shi ya sa wata rijiyar burtsatse take ba da ruwa, wata a gefenta ta fito ƙura. Masu bincike a yau sun fi amfani da na'urar da ke tura wutar lantarki cikin ƙasa. Awon jan ƙasa yana ƙara musu wani abu, domin ruwa yana da nauyi: shimfiɗar ruwa mai kaurin santimita biyu zuwa uku tana sauya jan ƙasa da kimanin kashi ɗaya cikin biliyan, kuma na'urorin yau suna jin haka. An riga an gwada a maƙwabta. Daga 2008 masanan Faransa da na Afirka ta Yamma suka riƙa auna jan ƙasa a Wankama kusa da Yamai, da yankin Diffa, da Jugu a ƙasar Benin, suka ga yana ƙaruwa da damina yana raguwa da rani, gwargwadon ruwan da ƙasa ta sha.

Kilon kansa ya koma hannun wannan ilimi. Daga 1889 ma'aunin kilo na duniya wani dunƙulen ƙarfe ne da aka kulle a kusa da Faris. Ranar 20 ga Mayu 2019 aka sauke shi daga wannan matsayi, aka ɗaure kilo da wata lamba ta dokar kwantam wadda ba ta sauyawa. Duk sikelin da aka daidaita bisa ƙa'ida, har wanda ke rataye a ƙofar dillalin waken suya, can asalinsa yake komawa.

Abin da ya rage shi ne hannun da zai riƙe na'urar a wannan ƙasa. Shekara fiye da hamsin ke nan da wata matashiya ta taso daga Zariya ta auna duwatsun Riruwai, kuma sassan fiziks na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Wudil suna nan a buɗe. Ya kamata masarautar Karaye da ƙananan hukumomin biyu da masu hannu da shuni na yankin su gyara ɗakunan gwajin kimiyya na makarantun sakandaren Karaye da Rogo, su samar da malaman fiziks da lissafi, su kuma ɗauki nauyin yara maza da mata masu hazaƙa zuwa waɗannan jami'o'i, domin ranar da za a kawo ma'aunin zarra bakin Challawa a sami ɗan ƙasa da zai karanta shi.